Gorar Ruwan Rumasa'u

Rumasa'u 'yar ƙanena ce, Maharazu mai sayar da lemo da kankana a kasuwar Zuba. Tana da wata takwas aka gano sikila gare ta, kuma tun daga ranar mahaifiyarta Indo ta hana a kira sunan cutar a gidan. In ciwon ya tashi, sai a ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Na sha yin faɗa a kan haka har muryata ta dushe, amma Indo ta riƙe hujjarta gam: 'ya mace ce, ranar da unguwa ta ji, wa zai zo neman aurenta?

Sai dai in faɗi gaskiya, Indo ta iya rainon yarinyar nan. Gora uku ta ruwa kafin la'asar, ko tana so ko ba ta so. Ba wanka da ruwan sanyi, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ga maganin ƙarin jini bayan karin kumallo. Haka Rumasa'u ta tashi siririya, ga baki ga ƙwaƙwalwa, har ta sami gurbi a wata kwaleji a bayan gari tana da shekara goma sha tara.

Ranar tafiya kowa ya yi nasa wa'azin. Babanta ya ce kada ta shiga motar da ba daga tasha ta taso ba. Ni na ce ta kula da abin da take ci. Indo kuwa ta miƙa mata gorarta shuɗiya, ta ce, "Ki sha ruwa. Kuma kada ki faɗa wa kowa." Ba wanda ya lura cewa maganar Indo ta farko da ta biyu ba za su zauna ɗaki ɗaya ba, har da ni mai yawan surutun.

A makarantar, banɗakin da ke kusa da ajujuwa sau da yawa ba ruwa. Don haka 'yan matan suka samo dabara: ba sa shan komai tun safe sai sun koma ɗaki, don kada fitsari ya matsa musu. Rumasa'u ta yi mako guda tana yawo da gorarta, aka fara kiranta Mai Gora, sai ta ajiye ta ƙarƙashin gado. Ruwan wanka ma daga famfon ƙasa ake hawowa da shi bene na biyu, yau ke gobe ni, tsakaninta da abokiyar ɗakinta Lucy, 'yar Nyanya. Me za ta ce in ta ƙi ɗauka? Ta ɗauka.

A mako na shida, ranar Laraba bayan azahar, ciwon ya kama ta a ƙafa da baya. Lucy ta dawo ta tarar da ita a nannaɗe a kan katifa, jiki zafi rau.

"Me ya same ka?" in ji Lucy, da irin Hausarta ta Abuja.

"Zazzaɓi ne," in ji Rumasa'u, kamar yadda aka koya mata.

Lucy yarinyar kirki ce, ta yi abin da ake yi wa mai zazzaɓi. Ta sayo ruwan leda mai ƙanƙara, ta jiƙa tawul, ta lulluɓe mata ƙafafu, ta ƙure fanka. Mai sikila kuwa sanyi ƙara masa azaba yake yi. Daga baya Rumasa'u ta ce mini ta ciji filo tana jin muryar Ummanta a kunne. Da ta ga Lucy ta sake tsoma tawul ɗin, sai ta riƙe mata hannu.

"Lucy, daina. Sikila gare ni."

Lucy ta saki tawul. "Shi ne ka bari ina kashe ka da hannuna? Ƙanen mamana ma yana da shi!" Ta kashe fanka, ta rufa mata bargo, ta ruga neman mota.

Kwana huɗu ta yi a asibiti ana mata ƙarin ruwa. Da muka isa ni da Indo, Lucy na zaune bakin gado. Indo ta yi mata godiya, ta fara cewa, "Wannan zazzaɓin nata..."

"Umma, ta sani," in ji Rumasa'u. "Ni na faɗa mata."

Na gyara tsayuwa, don na zaci rigima za a yi. Indo ta juya tana kallon robar ruwan da ke ɗiga cikin hannun 'yarta. Tausayinta ya kama ni, duk faɗan da na taho da shi ya bi iska.

Can ta ɗauki shuɗiyar gorar da Lucy ta zo da ita, ta cika ta, amma ba 'yarta ta miƙa wa ba.

"'Yata," ta ce wa Lucy, "mai sikila gora uku take sha kafin la'asar. In ta ƙi, ki kira ni."

Shekara goma sha tara, ranar ce na fara jin sunan cutar a bakin Indo.