Kaza a Ƙarƙashin Gadona

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, abin da ya rage a hannuna na gidanmu na Bazaga kaza ce guda, wake-wake. Ita ta kawo mini ita da hannunta, zuwanta na ƙarshe gidan aurena a Dogarawa. Mijina ya tafi cin rani, ya bar ni gida ɗaya da iyayensa, su a gaba, ni a ɗakin ƙurya.

Ana gama yankan hatsi kazar nan ta fara zubar da gashi. In na yi shara sai ka rantse figa aka yi a gidan. Wuya ya tsiraita, wutsiya ta tafi, ƙwai ya ɗauke. Ana cikin haka kuma sai ga ɗingishi. Gaskiya ta yi muni, ni kaina in na dube ta dariya da tausayi ke haɗe mini.

Surukina dattijo ne da ba ya son asara. A wurinsa dabba in ta fara laushi wuƙa ce maganinta, kada ta mutu mushe a jefar bayan gari. Wata safiya na durƙusa ina gaishe shi, ya ce:

"Ɗiyata, kazag ga taki ba ta kai ko'ina. Ciwon kaji na. Ki kamo ta in yanka, tun ba ta zan mushe ba ta kashe muna sauran."

Na ce, "To, Baba."

Me zan ce? Matar ɗa ba ta musu da suruki, ko ido ba ta haɗawa da shi. Amma ban yarda ba. Na san ciwon kaji, na ga yadda yake share gida: kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta saki fiffike, ta yi zawo kore. Tawa idonta garau, ci kuwa kamar an aiko ta. Na ƙudura a raina ba za a yanka ta ba.

Na kamo ta kamar yadda aka ce, sai dai ban nufi zaure da ita ba. Na shige ɗakina, na tura ta ƙarƙashin gado, na kare da faifai da tsohuwar tabarma. A wurinmu suruki ba ya taka ɗakin matar ɗansa, ko da gobara ake yi sai ya aika. Ni kunya ta hana ni magana, shi ma ga kunya ta hana shi shigowa.

Can sai ga surukata ta ɗaga labule.

"Tsoho na jira da wuƙa."

"Inna, ta shige ƙarƙashin gado."

Ta duƙa ta leƙa, ta ga kwanon ruwa da dusa an jera. Ta danne dariya ta ce, "Ke dai kin sani. In kaza guda ta hwaɗi cikin gidan ga, ba ruwana."

Da na juya ƙafar kazar sai na ga tafin ya kumbura sumtum, da baƙin tabo a tsakiya, ga alama ƙaya ce ta shige ya ruru. Na dafa ruwa da gishiri, ya huce, na naɗe ta da tsohon zane, na matse ta tsakanin gwiwoyina na tsoma ƙafar. Safe da marece haka nake yi har tabon ya yi laushi. Ranar da na ɓamɓare shi, wani abu mai tauri kamar ƙwayar wake ya fito, ta sakar mini sara a hannu har jini. Na wanke wurin, na shafa man kaɗe, na ɗaure da ƙyalle. Gashi kuwa sai da ci mai kyau yake tsirowa, don haka na riƙa kafa tukunya da kashin shanu a bakin suri ina kwaso mata gara.

Ɗakina ya ɗauki wari, ba turaren da ban ƙona ba. Maƙwabta suka samu abin yi. In na fito rijiya sai in ji, "Ina kwanan mai jego?" Wata ta ce in shafa baƙin mai irin na 'yan kabu-kabu, wata ta ce barkono a ruwa. Duk na ce na gode. Baba bai sake ta da maganar ba, amma gaisuwata ya koma amsa ta a taƙaice, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Ƙafar ta sake kumbura. Ranar na yi kuka, na ce ko wahalar da baiwar Allah kawai nake yi. Na share hawaye na ɗora ruwa, muka koma farko. A hankali kumburin ya sace, sabon gashi ya fara tsirowa a wuyanta tsinke-tsinke. Kajin gida kuwa ko ɗaya ba ta yi tari ba.

Sai da ta rufe jikinta tsaf na fito da ita. Ɗingishin bai bar ta duka ba, amma ta yi ɓulɓul tana sheƙi, duk gidan ba kamarta. Ba a jima ba Baba ya yi babban baƙo daga Illela, irin wanda dole a yi masa yanka. Ina tsakar gida ina daka na ji Inna na tambaya, "Wace za a kamo?" Ita kuma uwar gayya, kazata, ta zaɓi lokacin ta zo tana tsattsaga a gaban tabarmar Baba. Taɓarya ta tsaya a hannuna. In ya nuna ta a gaban baƙo, ba ni da ɗakin da zan gudu.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Wagga tana da mai ita. Ku kamo zakarana."

Ni na fige zakaran nan, ni na dafa shi. Ban taɓa yi wa mutum miya da zuciya ɗaya kamar ranar ba.