Allon Rediyo

Tun tana budurwa ake ce mata Rediyo, kuma duk wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. Teburin sayar da zare da maɓallai take da shi a bakin titi. Mai sayen allura ɗaya sai ya tafi da labarin unguwa kyauta. Mijinta mai fenti ne, shi ke rubuta sunayen shaguna, kuma yakan ce ya auri mace ya huta da sayen batir.

Sai ciwon daji ya kama ta a maƙogwaro. Likitoci suka ceci ranta, muryar ta tafi. Mai Fenti ya yanko katako ya shafa masa baƙin fenti, ya sa masa igiya ta rataya a wuya. In ta rubuta da alli, shi ke karantawa da ƙarfi, har da kwaikwayon yadda take jan magana. Wani lokaci ya ƙara gishiri. Ta rubuta wa baƙo "sannu da zuwa", shi kuwa ya ce, "Wai yaushe za ka tafi?" Ta kai masa dukan allo, a yi ta dariya. Mutane ba su da haƙurin jiran mai rubutu, kafin ta gama jimla an sauya zance. Shi kaɗai ke jira.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata safiya buroshi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, har rubutu yana iya yi, amma abin da ya rubuta da hannunsa ba ya iya karantawa. Yana ganin haruffan sarai, sun dai daina ce masa komai.

Namiji da girman kai! Maimakon ya ce ya kasa, sai ya koma kintace. Ta ɗaga allo, ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai.

"Na sha maganin, Uwargida," in ji shi.

Ta rubuta cewa famfo na ɗiga, ya ce ya sha magani. Ta rubuta cewa ta yi mafarkin mahaifiyarta, ya ce ya sha magani. 'Yarsu da ke aure a nesa takan bugo waya, ta yi ta magana ita kaɗai, sannan ta ce, "To Mama, ba Baba." Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, amma Rediyo ba ta taɓa sanin kaɗaici irin wannan ba. Daga baya ta daina dogon zance. Kullum kalma ɗaya take rubutawa ta ɗaga masa, kullum amsar ita ce ta magani.

A asibiti aka haɗa su da wata likitar magana. Ta ɗaura masa madauri a ka, da soso biyu jiƙaƙƙu da siraran wayoyi.

"Baba, lantarki ne ɗan kaɗan, za ka ji kamar kiyashi na tafiya," in ji ta. "Ba shi zai yi maka karatun ba. Ƙwaƙwalwar yake ɗan zaburarwa, aikin kuwa naka ne. Wasu ya taimake su, wasu kaɗan, ban yi maka alkawari ba."

"Ni da na rubuta sunan rabin shagunan titinmu, yau ni ake koya wa baƙi?"

"Shi ya sa. Idonka ya manta, amma hannunka bai manta ba. Bi harafin da yatsa."

Rediyo na zaune a benci a bayansu, allo a cinya, tana kallon ƙeyar mijinta na zufa a kan harafi ɗaya. Makonni suka yi ta tafiya. Wata rana ya kama kalma, washegari ta kuɓuce. Sau biyu ya yi fushi ya ce ba zai koma ba, ta ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa ta tsaya a kansa.

Wata la'asar suna tsakar gida, ta ɗaga allon kamar kullum, ba ta ma dube shi ba. Sai ta ji nauyin yatsarsa a kan katakon, tana bin allin a hankali, tana goge shi rabi-rabi.

"Ke," ya ce. Ya koma farko ya sake bi. "Ke... wa. Kewa."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ba magani kike cewa ba? Uwargida, tun yaushe kike rubuta min wannan?"

Amsar ta fi ƙarfin yatsarsa, doguwa ce, don haka ba ta rubuta ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta goge allon, ta rubuta "magani", domin ranar kam da gaske bai sha ba. Ya jawo allon ya ɗora yatsa a kan harafin farko. Ta gyara zama, yau ita ce mai jira.