Saƙon Mutane Daga Jidda Zuwa Sawakin

Bani Malik, Asabar

Ana kiran assalatu muka fito daga gidanmu a unguwar Bani Malik ta Jidda, ni da Umma, a shekarar da na gama sakandare. Jirgin ruwan sai yamma zai tashi, amma duk wanda ya taɓa bin jirgin Sawakin ya san kaya ne ke cin lokaci. Baba ya aro mota a wurin aikinsa a Madinar Masana'antu, aka cika bayanta maƙil, har jakata sai a cinya na riƙe.

Abin da ya tashe mu shi ne Habboba, mahaifiyar Umma, da ke kwance a Bur Sudan. Umma ta fi shekara goma ba ta sa ta a ido ba. Ni ban taɓa ganinta ba, ko da yake sunanta na ci, shi ya sa ake ce mini Ummi. Kawu Sale, ƙanin Umma, ya bugo waya ya ce tsohuwa tana cigiyarta. Umma ta ce yaya jikin nata? Ya ce da sauƙi. Duk ranar da aka bugo, da sauƙi.

Tun ranar da kafilin Baba, ubangidan da ya tsaya masa a Sa'udiyya, ya sa hannu a takardar fita na ce mu hau jirgin sama, kafin shayi ya huce mun sauka. Umma ta kalle ni sama da ƙasa.

"Hannu rabbana zan shiga garinmu? Ga kuma saƙon mutane?"

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane ba. In Bahaushiya za ta ƙetare, rabin unguwa take ɗauka. Mata suka yi ta sallama, daga nan har unguwar Sa'alaba: wannan barguna, waccan jarkar zamzam, wata dabino da tukwane. Hajja Talatu, maƙwabciyarmu, fanka ta kawo a kai wa ɗanta. Da yawansu ba iƙama, wato takardar izinin zama, in sun fita ba dawowa, saboda haka kwalin nan shi ne ziyararsu. Ba a ƙin saƙo. Mako biyu muka yi muna tara shi.

Kuma ba a dogara da rubutu. Umma ta ce rabin matan jirgi Fatima Muhammad ne, tawada kuma tana gogewa. Kowace mace sai ta yago ƙyalle daga tsohon zaninta ta ɗaura a igiyar kwalinta, Umma ta riƙe a ka.

"Zo ki duba, Ummi. Kore mai ganye na Hajja Talatu ne, ja mai zobe na matar Mai Tanda."

"Umma, ni ba kantin atamfa zan buɗe ba."

Na tashi na bar mata wurin.

Tashar jirgin Jidda

Da hantsi muka miƙa kaya, 'yan dako suka tura su cikin cikin jirgi. Sauran yinin a kan benci muka yi shi. Na ci burodin tamis da ful, dafaffen wake, a tsaye, don in na tashi wata za ta gaje mini wuri. Jami'in fasfo ya duba hotona ya duba ni, ya ce, "Awwal marra?" wato karon farko ke nan? Na ce eh. Ya buga hatimi ya ce yalla.

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa. An ce za a tashi ƙarfe biyar, ba a kwance igiya ba sai da aka yi magariba. Ɗakin mata na ƙasa ne, kujeru a jere, sanyin na'ura kamar na mayanka, ga warin man jirgi da turaren wuta. Na hau sama na tsaya jikin ƙarfe ina kallon fitilun Jidda suna ƙanƙancewa. Wata Basudaniya ta miƙo mini lemun tsami ta ce in riƙa shaƙa. Na ce ba na buƙata. Ba a yi awa guda ba na koma ina nemanta, ta ba ni tana dariya.

Sawakin, Lahadi

Rana ta ɗaga sosai muka hango gari. Ta tagar jirgi ana ganin tsohon Sawakin, gidajen farin dutsen teku duk sun zube, sai hasumiyar masallaci a tsaye. Umma ta nuna mini da baki ta ce ta nan kakanta ya so ƙetarawa Makka, guzuri ya ƙare, ya zauna.

Mu mun fito da wuri. Kaya ne ba su fito ba. Wani ma'aikaci ya ce bayan azahar. Bayan azahar ya ce bayan la'asar. Bayan la'asar ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe, ya ja ƙofar rumfa ya rufe.

Daga Sawakin zuwa Bur Sudan kilomita sittin ne ko kusa da haka, tafiyar awa guda. Na ce, "Umma, mu tafi mu gan ta, gobe mu dawo."

"In aka sauke da sassafe fa, ba kowa a kai? Kin ga yadda ake wawa a nan?"

"To a sace mana! Fanka ce fa da barguna."

"Amana ce, Ummi. Na buga wa Sale daga shagon waya, ya ce da sauƙi."

Muka kwana a wata lokanda, masaukin baƙi, kusa da kasuwa, gadajen igiya a tsakar gida, kyanwoyi sun fi baƙi yawa. Mai wurin ta kawo mana soyayyen kifi da burodi, da gahawa mai citta a ƙaramin tulu. Abincin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma da fushi na ci shi.

Sawakin, Litinin

Da safe aka buɗe rumfa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. An zube kayan jirgi guda tsibi ɗaya, tsayinsa ya fi mutum biyu, kwalaye duk iri ɗaya, igiya duk iri ɗaya. Umma ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga. Sai ta hango wani ɗan ƙyalle shuɗi a can sama ta ce wa ɗan dako, "Wancan!" ya jawo.

Na ce, "Ki tafi, ni in tsaya."

Ta ce, "To. Na matar Mai Tanda wane launi ne?"

Na ce ban riƙe ba.

"Na Hajja Talatu fa?"

Shi ma ban riƙe ba. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Je ki ke. Ki ce mata ina tafe."

Bur Sudan

Na hau ƙaramar bas. Teku a dama, duwatsu a hagu, raƙuma suna cin ƙaya a bakin titi. Sau ɗaya aka tsayar da mu a shinge, soja ya leƙo ya duba fasfona ya ce 'yar Sa'udiyya ce wannan. Na ce 'yar Sudan ce, duba da kyau. Fasinjoji suka yi dariya, direba ya ce, "Ya binti, 'yata, bar mu mu isa."

Kawu Sale ya tare ni a tasha. Na ce yaya jikin Habboba? Ya ce da sauƙi.

Ina shiga ɗakin na san ƙarya ce. Tana kwance a gadon igiya, ba ta fi yarinya 'yar shekara goma girma ba, numfashinta yana fita da ƙara. Matar Kawu tana yi mata fifita. Amma idonta garau.

"Wace ce wannan doguwar?"

"Takwararki ce, Inna," in ji matar Kawu.

"Takwarata? Ni ban yi wannan munin ba. Matso in gani." Ta kama hannuna ta murza. "Hannun da bai san turmi ba. Ina uwar taki?"

Da wata ce da ta ce ga ta nan a hanya. Ni na ce, "Tana Sawakin tana gadin kwalaye."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Masu ƙyalle?"

"Masu ƙyalle."

"Ni na koya mata. Ta yi daidai." Sai ta ce wa matar Kawu, "Yago mini bakin zanin nan."

"Haba Inna."

"Yago, na ce. Ɗaura mini a hannu. Tunda masu ƙyalle take ɗauka, ko Allah zai sa ta zo ta ɗauke ni."

Kowa ya yi dariya, aka ɗaura mata. Ƙyallen ruwan goro ne mai ɗigon fari.

Na fita tsakar gida na sami Kawu. Na ce, "Kawu, wannan ce da sauƙi? Wallahi a je a ɗauko Umma yanzu." Ya ce ba a yi wa babba magana haka. Na ce na ji, a je a ɗauko ta. Ya tura maƙwabcinsa mai motar ɗaukar kaya.

Abin da ya faru a can, daga baya na ji. Mutumin ya sami Umma ta haɗa komai, saura kwali ɗaya, kore mai ganye. Ta tambaye shi yaya jikin Inna? Shi ma ɗan gari ne, mai ladabi. Ya ce da sauƙi, Hajja. Sai ta ce to bari a nemo na ƙarshen. Awa biyu aka yi ana nemansa.

Habboba ta cika bayan azahar, hannuna a cikin nata. A wannan zafin ba a ajiye gawa. Mata suka yi mata wanka, matar Kawu ta kwance ƙyallen ta damƙa mini. Aka yi sallah bayan la'asar, maza suka ɗauke ta.

Ina bakin ƙofa motar ta shigo layin, kwalaye sun yi tsiri a baya, ƙyallaye kala-kala suna kaɗawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk ƙasa. Direba ya tsaya ya ba su hanya. Umma tana gaba tana kallonsu ta gilashi. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta daɗe ba ta buɗe ƙofar ba.

Bayan addu'ar uku ta fara rabon saƙo gida gida. Ba kwalin da ya ɓata.

Komawa

Bayan mako biyu muka sake hawa jirgi a Sawakin, da sabon saƙo: zoɓo, busasshiyar kuɓewa, gyaɗa, kuka. A wannan karon na zauna kusa da ita aka ɗaura kowane ƙyalle a gabana. Ba ta ce in zo ba, ni na kawo kaina.

Da yamma muna saman jirgi, tudu ya ɓace, ta ce, "Ta yi fushi da ni?"

"Ta ce kin yi daidai."

"Ummi, ke ba kya ɓoye magana. Me kuma ta ce?"

Na fito da ƙyallen na ba ta, na faɗa mata yadda aka yi, kalma da kalma. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Ni na aiko mata da zanin nan," ta ce. "Ta hannun Hajja Talatu, lokacin tana da iƙama."

Ta fara dariya, irin ta Habboba sak, sai dariyar ta karye. Ta rufe fuska da mayafi. Na tsaya kusa da ita ina kallon ruwa.

Bani Malik

Mun sauka Jidda da hantsi, Baba yana jira a waje. Kafin la'asar gida ya cika da mata masu ta'aziyya. Hajja Talatu ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta ɗan zauna, sannan ta sassauta murya ta ce, "Fankar ta isa kuwa?"

Na buɗe baki zan faɗa mata abin da fankar ta jawo. Umma ta taka mini ƙafa.

Ta ce, "Ta isa lafiya, Hajja. Har ɗanki ya kunna ta a gabana."

Mun gode Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa matar da ta ba ni lemun tsami, da matar Kawu da ta yi jinya, da duk wanda ya zo gaisuwa. Allah Ya jiƙan Habboba, Ya sa ta huta. Ku kuma 'yan uwana na Jidda, in an bugo daga gida an ce tsohuwa tana cigiyarku amma da sauƙi, ku ɗauki jakar hannu ku tafi a ranar.

Ƙyallen yana ɗaure a hannun jakar Umma. Jakar tana kan sif, babu wanda za a kai wa.