Butar da Ta Raba Ni da Ɗanɗano

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ina saurayi, birkila ne ni a wani kamfani mai gina kwalbatoci a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Kusa da Farin Dutse suka girke mana wata tsohuwar tirela mai rufi. Ita ce sitonmu, ita ce inuwarmu, a ciki muke ajiye shebur da kwanukan abinci da tabarmin salla. Ni kaɗai nake share ta. Na ware wa butoci kusurwa guda, na kai jarkokin man inji can ƙurya, amma kafin azahar sai ka tarar da tsumman giris a kan tabarma, ɓawon gyaɗa har cikin kwanon siminti. Abokan aikina ƙattai ne da gemu, amma sai ka ce awaki! In na yi magana su ce uwargida ta fara faɗa. Makanikenmu, wani dattijo da nake kira Baba, shi ya fi kowa ƙazanta, shi kuma ya fi kowa yi mini dariya.

Rannan na yi zuciya, na jingine tsintsiya, na ce kowa tasa ta fisshe shi. Ba a jima ba tirela ta koma juji. Ashe a cikin wannan hargitsi jarkar ruwan batir ɗin Baba ta tsage, shi ko bai ga inda zai juye ba sai buta. Ya dangwarar da ita cikin sauran butoci, bai gaya wa kowa ba. La'asar ta yi, na sunkuci buta ina sauri in sami jam'i. Siminti ya riga ya mai da tafin hannuna kamar ƙirgi, shi ya sa da na wanke hannu ban ji komai ba, sai da na kurkure baki. Wallahi ban taɓa sanin akwai azaba irin wannan ba.

A bayan tifa aka kai ni asibitin Birnin Kudu, na daɗe ba abin da ke wuce maƙogwarona sai koko mai sanyi. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ranar da Baba ya zo dubiya. Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi ƙaddara ce, wai ai ni na jawo tunda na daina gyara. Da bakina na motsi da na tambaye shi ko ƙaddara ce ta zuba ruwan batir a butar alwala.

Miki ya warke, amma ɗanɗano bai dawo ba. Abin da na koya shi ne, kayan taro in an bar shi ba mai gyara, ba lallai ne ya ci mai ɓarnar ba. Don haka ina jan kunnen masu aiki wuri guda: ku raba shara a tsakaninku, ku tsawata wa ƙazami ko da ya haife ku, kada kuma a zuba komai a buta sai ruwa. Yau ga ni da jikoki, matata na kaɗa miyar kuka kowa na santi, ni kuwa da ita da ruwan rijiya duk ɗaya ne a bakina.