Anti Yatsa da Hannun Birkila

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar ofishin fasfo, Anti Yatsa ta riga ta shige da fulas ɗinta na ruwan ɗumi. Ba na shayi ba ne, na hannun mutane ne. Za ta zauna a teburinta na lungu, ta goge gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta jera ƙaramin kwano da tawul da kwalbar man shafawa, sannan ta ɗago ta ce, "To, wa zai fara ba ni aron yatsunsa?"

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ba zan bari ta tafi shiru ba.

Duk mai neman fasfo ko sabunta shi sai ya bi ta teburinta. Na'ura ta nuna kore, ka wuce. Ta nuna ja, ka tsaya. Masu jan nan su ne nata: masu wanki da sabulu ya cinye wa hannu, da tsofaffin da fatarsu ta bushe.

Mai ɗaukar hoton ofishin ne ya ba ni labarin wani birkila. Fasfonsa ya daɗe da mutuwa, 'yarsa kuma tana kwance a asibiti a ƙasar waje. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa za ta yi mata, likitoci har sun sa ranar aiki. In bai isa ba, ranar ta wuce su.

Ya ɗora yatsu. Ja. Ya sake. Ja. Siminti ya shafe zanen, sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Hajiya, ki danna da ƙarfi mana," ya ce.

"Malam, ba bulo ba ne. Miƙo nan."

Ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta sa ya goga babban yatsa a goshinsa don ya ɗauki maiƙo. Ja. Sai ta leƙa bayansa ta kira matarsa.

"Yaya, zanen yana nan, ɓuya ya yi. Zai dawo in an bar fatar ta huta. Daga yau ba siminti, ba yashi. A shafa mai safe da yamma. Ke ce 'yar sanda."

Matar ta gyara mayafi. "Ai kin ba ni aikin da na daɗe ina nema."

Da suka dawo, ja aka sake gani. Anti Yatsa ta juya tafin hannunsa, ta dube shi.

"Me ka taɓa?"

"Ba komai."

"Ƙarya yake, Hajiya!" in ji matar. "Katangar maƙwabci ya je ya yaɓe. Wai zama ya ishe shi!"

Ofis ya ɗauki dariya. Anti Yatsa ba ta yi ba. "Malam, hannun nan yanzu ba naka ba ne. Na yarinyar ne. Ka riƙe mata amana."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Matar ta ce tun daga ranar da safar hannu yake yawo, ko murfin kwalba ba ya buɗewa.

Zuwansu na gaba, ranar aikin ta matso sosai. Ruwan ɗumi, mai, goshi. Ta kama yatsan da kanta ta kwantar a hankali. Kore! Mai gadi har tafi ya yi. Da fasfo ya fito ta miƙa wa matar, ba shi ba. "A leda, cikin jaka. Kar ya ga aljihun wandonsa, ya sha wanki."

Anti Yatsa, ke ce mai haƙuri da hannun da aiki ya ci. Ke ce ba ki taɓa cewa "je ka dawo" ba tare da kin faɗa wa mutum abin da zai yi kafin ya dawo ba.

Makon jiya birkilan ya shigo da wata budurwa tana tafe da ƙafarta. "Hajiya, ga wadda kika ba ƙoda."

"Ƙodarka ce, ni yatsa kawai na riƙe." Ta kama hannunsa ta juya. Ya koma sumul. "Ka koma aikin siminti ko?"

"Ai yanzu hannun nawa ne," ya ce.

Mun gode, Anti Yatsa. Allah Ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma da za ku gaji teburin nan, in na'ura ta nuna ja, ku ɗago ku dubi mai hannun. Fulas ɗin ta ce ta bar muku.