Kunnen ɗan kamasho da jirgin Agadas

Na tsufa a tashar motar Tanut ina kamasho. Dokar aikina ɗaya ce: mota ba ta tashi sai ta cika. Kuma ba sai na leƙa ba, daga kukan inji nake sanin mai kaya da wadda ke tafe fanko.

Ƴata ta fari, wadda nake kira Uwata, tana sayar da tike a buron wani kamfanin jiragen sama a Damagaram. Jirginsu na zuwa Agadas yana bi ta kanmu Talata da Asabar da hantsi. Wata damina ta kira ni ta ce manyansu sun ba hanyar wata uku. In fasinja ba su ƙaru ba za a rufe ta, ita kuma a maida ta Yamai. Damagaram dai nakan je in dawo a yini. Yamai ba haka ba.

Na tsara abin yadda na saba. Ranar jirgi nakan fita bayan tasha, in zauna ƙarƙashin aduwa, in rufe ido. Da farko iska ce kawai cikin gero. Daga nan sauti yakan taso daga kudu, siriri kamar ana kaɗa zare a wani gida mai nisa. Sai in auna nauyinsa. Wani lokaci har nakan ga mutanen ciki: ƴan kasuwa da rawunansu, wata tsohuwa riƙe da jakar magani, kujerun da ba kowa suna tafiya cikin gajimare su kaɗai.

Ƙarshen watan farko na gaya wa Uwata jirgin ya yi nauyi. Ta ce takardar wata ta fito, fasinja sun ragu. Wata na biyu na ce ya yi sako-sako, ta ce an ɗan samu ƙari.

"Baba, jirgi ba akori-kura ba ne," in ji ta tana dariya.

Na ce mata kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba, takardarsu za su sake dubawa.

Wata na uku na yanke in ji shi daga ciki. Na tafi Damagaram, ita da hannunta ta ba ni tike. Da na shiga na duba baya, kujeru fiye da rabi ba kowa, ga shi ana jan ƙofa. Ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Malama, a dakata mana, ai da sauran wuri."

Ma'aikaciyar jirgin ta ce lokaci ya yi, Baba, a zauna a ɗaura ɗamara. Na zauna.

Muka tashi. Ƙasarmu ta Damargu ta shimfiɗe kamar tabarmar da aka yi wa faci, kore nan, ja can. Kowace rijiya da hanyoyin dabbobi sun fito daga gare ta ta ko'ina. Na ga kwalta ta miƙe arewa, na ga wani tarin gidaje da na ɗauka Tanut ce. Na nemi aduwata ban gan ta ba. Injin kuwa kukansa ɗaya tun tashi har sauka. A nan na gane iska nake aunawa wata biyu, in ta biyo da sautin in ce ya cika, in ta kau da shi in ce fanko.

Bayan girbi aka rufe hanyar. Ni na ɗora kayan Uwata a motar Yamai, na zaɓa mata kujerar taga, ban bar direba ya tashi ba sai da motar ta cika.

Har yau nakan fita aduwar ran Talata da hantsi. Manyan jirage suna wucewa can sama ƙwarai, su bar farin layi. Ba na auna su.