Turancin Gindin Taga

Fita daga gida

Ladan bai gama kiran assalatu ba na ɗaure ƙunshin kisra, gurasarmu ta dawa, da goran ruwa, na ce wa Malam ya tashi. Malam Haruna mijina ne, kuma shekara biyu ke nan ina roƙonsa mu je Sinja a duba masa ido. Kullum amsarsa ɗaya, idonsa garau, alhali na gan shi yana yi wa turken jaki sallama. Yana da tandun kwalli da wani alhaji ya kawo masa daga Makka, da kwalbar zuma, kuma a wurinsa ilimin likitanci ya ƙare a nan. Abin da ya sa ya sauko shi ne ranar da ya saki ruwa a hawashar maƙwabci, wato gonarsa, ya yini yana shayar da dawar wani, tamu tana bushewa. 'Ya'yanmu maza sun yi nisa. In idon nan ya tafi, hawasha ma ta tafi hannun wani, mu koma jiran abin da aka ga dama aka auno mana.

Karo, keken jaki, muka hau zuwa Suki, muna bin gefen tur'a, magudanar ruwan gonaki. Jakin ya girmi mai shi, ya kuma fi shi sanin inda zai tsaya ya huta.

Suki

A tasha muka sami boks, motar a-kori-kura, mai zuwa Sinja. Direba ya rantse saura mutum ɗaya mu tashi. Har hantsi ya dubi ludayi ba a haifi mutum ɗayan nan ba, sai aka cike gurbinsa da buhunan albasa da akuya. Kuɗin da ya karɓa a hannunmu, bara warhaka har birnin Madani zai kai mu, mu dawo da canjin shayi.

"Ya zol, bawan Allah, mota muka hau ko jirgi?" na tambaye shi.

"Ma'alesh ya hajja, a yi haƙuri, mai ya yi tsada."

Malam ya ce in yi shiru, mace ba ta ciniki da direba. Na yi shiru, don dama na riga na biya.

Kafin kubri, gadar kogi, aka tsayar da mu wurin bincike. Wani saurayi mai bindiga ya juya katina gaba da baya, ya ce daga ina. Na ce Suki. Ya ce kafin Suki fa? Na ce daga cikin uwata, ita ma Suki aka binne cibiyarta. Malam ya take mini ƙafa, kuma wannan karon bai yi kuskure ya taka ta akuya ba.

Sinja, ranar farko

Ana gab da azahar raksha mai ƙafa uku ta sauke mu ƙofar asibitin ido. Ashe duk tsofaffin yankin Bahar Azrak sun yi alkawarin haɗuwa a ranar. Aka ba mu lamba a guntun kwali, da na ga lambar na san yau ba tamu ba ce. Inuwar da ta rage ɗaya ce, gindin tagar ɗakin da ake duba mutane, sai muka zauna nan a benci.

A ciki akwai diktora, mace mai ƙaramin jiki, da wani matashin likita da ke koyon aiki a hannunta. Da marar lafiya Larabci suke yi, amma da sun juyo ga juna sai Turanci. Na gane wannan dabarar, don haka muke juyawa Hausa a kasuwa in za mu yi da mai tumatir a gabansa. Ni Turancina bai wuce na jikin gwangwanin madara ba. Amma wadda ta yi shekara arba'in da mijin da ba ya faɗin abin da ke ransa, ai ta iya gane magana daga abin da ya biyo bayanta. Na kafa kunne, na kafa ido ta tagar.

Biyu na farko ba su ba ni wahala ba. In diktora ta haska tocila a idon dama sai ta ce "rait", in ta koma na hagu ta ce "lef". Mutum huɗu suka wuce ba ta saɓa ba, na ɗaure su a bakin zane.

Sai "katarak". Duk wanda aka faɗa wa ita, sai a manna masa filasta a saman gira, a ce ya dawo da safe za a yi masa amaliyya, wato tiyata, danginsa su fito suna hamdala. Yanar ido ke nan, wadda ake cirewa. Na yi ta addu'a Allah Ya ba Malam katarak, addu'ar da ban taɓa zaton zan yi wa mutum ba.

"Firesha" kuwa tana zuwa da faɗa. Da an faɗe ta diktora za ta ɗaga ƙaramar kwalbar gatra, maganin ɗigawa, ta girgiza yatsa, ta ce safe da yamma, har ƙarshen rai. Na ce to, wannan ciwo ne da ake ɗaurewa a turke, ba a yanka shi.

Ta ƙarshen ce ta tsaya mini a wuya: "advans". Ba filasta, ba faɗa. Diktora za ta faɗe ta a hankali, matashin ya gyaɗa kai, ta kashe tocila. Daga nan Larabcinta ya koma zuma: "Ma fi awaja, ya hajj. Allah karim." Wani tsoho da aka faɗa wa ita a ido biyu, an haska masa wuta ko ƙyaftawa bai yi ba, ya fito yana murna wai an ce ba komai, 'yarsa tana biye da shi tana share hawaye da gefen tobin da ta yafa. Nan na gane: idon da ya riga ya tafi ke nan.

Malam yana gefena ido rufe, yana jan carbi.

"Ke dai ba ki barin gulma," ya ce. "Mi kinka sani ga Turanci?"

"Ba ni sanin komi, Malam. Ja carbinka."

Masauki

Wurin Batula muka kwana, 'yar wan Malam da ke aure a Sinja. Ta yi mana ful, dafaffen wake, da man riɗi, ta ba Malam angareb, gadon igiya, mai kyau, ni ta ba ni wanda igiyarsa ta saki, na kwana bayana yana gaisawa da ƙasa. Da na ba ta labarin kalmomina a madafa, ta ce, "Inna, ai waya na fassarawa." Ta ɗauko wayar, wayar ta ce sai an rubuta. Ta ce yaya ake rubutawa? Na ce da na san yadda ake rubutawa, da ni ce a cikin tagar. Kafin mu gama musu shabaka, sabis ɗin waya, ta ɗauke, muka bar wayar da iliminta.

Sinja, rana ta biyu

Da hantsi aka kira lambarmu, na tashi na bi Malam ciki. Malam ya shiga da tafiyar mai duba asibitin, ya gaya wa diktora shi lafiyarsa ƙalau, matarsa ce mai fitina. Ta yi murmushi, ta ɗora masa haɓa a kan na'ura, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta juya ga matashin. Maganar tana da tsawo, amma na tsinci nawa a ciki kamar tsakuwa a wake. Rait, advans. Lef, firesha. Ta kashe tocila.

"Ma fi awaja, ya hajj," ta ce. "Ga gatra, safe da yamma. Allah karim."

Malam ya waigo ni yana washe baki. Na san mijina. "Ba komai" kaɗai ya ji. Gatra za ta kwana uku a aljihunsa, ta koma bayan tandun kwalli, idon hagu ya bi na dama. Kuma na san a wajenmu ba a faɗin mugun labari a gaban marar lafiya, kunya ce, rashin tarbiyya ne. Na auna kunyar da hawashar, na ga kunya ba ta cika tukunya.

"Diktora," na ce da Larabci, "rait ya tafi, ko? Advans ne. Lef ne ya rage."

Ta dube ni, ta dubi tagar, ta ga bencin. Ba ta yi fushi ba. Ta ja kujera kusa da Malam, ta gaya masa dalla-dalla: na dama ba zai dawo ba, na hagu yana hannunsa, in ya yi wasa da maganin wata ɗaya ma zai iya rasa shi. Malam ya karɓi kwalbar gatra ya sa a aljihu. Ni kuma na ji kamar na tuɓe masa rawani a kasuwa.

Komawa

Boks ɗin dawowa ya fi na zuwa mutunci, kaji kawai ya ɗauka. Daga kubri har Suki Malam bai yi mini magana ba. Na miƙa masa kisra ya kau da kai. A wurin bincike saurayin jiya ya sake tambayata daga ina, na ba shi amsa kamar mutuniyar kirki, don ba ni da ƙarfin tsiya. A kan karo na yi ta tunanin ko na ceto ido na rasa miji.

Muka shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Batula da ful ɗinta, har angareb ɗinta na yafe masa. Na gode wa diktora, da wanda ya gina tagar nan bai sa mata gilashi ba.

Bayan salla ina hura wuta sai na ji takun Malam. Ya ajiye tandun kwalli a gabana, ya ce in ba Batula in ta zo, ita ce mai kwalliya. Ya je ya kwanta rigingine a kan angareb, ya zaro kwalbar gatra daga aljihu, ya miƙo ta sama ba tare da ya dube ni ba.

"Taho ki ɗiga min," ya ce. "Ga lef. Kak ki ɓata shi ga rait."

Ashe jiya carbi yake ja da hannu, kunnensa yana cikin tagar. Na wanke hannu, na buɗe masa fatar idon, na ɗiga.